Laifin hunturu ko laifin kanti? Makirufo da haƙƙin mai saye a iyakar Jibia

Daga ƙarshen Nuwamba zuwa tsakiyar Fabrairu, akwai wata ƙara da mutanen garuruwan kan iyakar Katsina da Maraɗi suka saba da ita har sun daina lura. Ladan zai ɗauko kiran asuba, muryarsa ta tsinke a tsakiyar kalma, lasifika ta yi tartsatsi ta yi tsit. Mai shelar rigakafin yara zai riƙa bugun na'urarsa da tafin hannu ko za ta farfaɗo. Wakilin gidan rediyo zai naɗi hira da sassafe a tashar mota, sai ya zauna tacewa ya tarar rabin maganar ta nutse cikin ƙaraf-ƙaraf. Idan ɗayansu ya mayar da makirufon kantin da ya saya, amsar da ke jiransa guda ce: ai sanyi ne, kuma kaya in sun fita ba sa dawowa.

Ra'ayina shi ne wannan amsa ba ta da madafa, ko ta fuskar kimiyya, ko ta doka, ko ta al'adar kasuwancinmu. Sanyin ƙasar Hausa bai kai ya kashe makirufo mai inganci ba. Aikin hunturu shi ne jarraba kaya, ya fito da aibin da ke kwance a cikinsu tun ranar da aka ƙera su. Aibin da aka sayar wa mutum kuwa, alhakinsa na wuyan wanda ya sayar.

Dalilin da ya sa maganar ba ƙarama ba ce a Jibia

Mai karatu zai iya cewa garin da ke fama da matsalar tsaro da rufe iyaka yana da abin da ya fi makirufo damunsa. Haka ne. Amma a duba yadda labari ke tafiya a irin wannan wuri. Jibia na ƙasa da kilomita 50 daga birnin Katsina. A Magama ake tsallakawa zuwa Ɗan Isa ta Jamhuriyar Nijar, daga nan a miƙe zuwa Maraɗi. A watan Satumban 2021, lokacin da aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar Katsina saboda yaƙi da 'yan bindiga, Jibia na cikinsu, kuma an shafe watanni a haka. A waɗancan watanni, sanarwar rasuwa, cigiyar yaro, gargaɗin hanya da kiran taron unguwa duk sun koma kan lasifikar masallaci da akwatin rediyo. Wanda ya ga wannan zamani ba zai raina na'urar da ke ɗaga murya ba.

Ga ɗan jarida kuwa, asarar ta fi ta kuɗi. Matar da ta baro ƙauyenta da goyo, ta yarda ta yi magana sau ɗaya bayan dogon rarrashi, ba za a koma mata gobe a ce ta maimaita ba saboda na'ura ta yi gardama. Direban da ya kwana a layin Magama yana jiran a buɗe shinge ya riga ya wuce. Muryar da ba a kama ba ta tafi ke nan, kuma abin da ba a naɗa ba, a idon Abuja da Yamai tamkar bai faru ba ne. Yawancin masu aiko da rahoto daga irin waɗannan wurare da kuɗin aljihunsu suke sayen kayan aiki, kuma sai rahoto ya fita ake biyansu. Makirufon da ya mutu ranar Lahadi, ranar kasuwar Jibia, ya ci abincin mako.

Iyakar abin da sanyi zai iya

A watannin Disamba da Janairu, sanyin asuba a yankin Katsina da Maraɗi yakan sauka zuwa tsakanin digiri 12 da 15 a ma'aunin Salshiyos, wani lokaci ƙasa da haka kaɗan, sannan rana ta ɗaga shi zuwa kusan 30. A jikinmu wannan muku-muku ne. A jikin na'ura ba komai ba ne. Manyan kamfanonin kayan sauti, irin su Shure na Amurka da Sennheiser na Jamus, suna rubutawa a takardun kayansu marasa waya cewa za su yi aiki har a digiri 10 ƙasa da sifili, wasu ma su zarce haka. Da irin waɗannan na'urori 'yan jarida ke tsayawa cikin ƙanƙara a Rasha da Kanada suna aiko da rahoto kai tsaye. Idan makirufo ya faɗi a digiri 13, tambayar da ta dace ita ce wane ne ya ƙera shi, kuma da me.

Makirufo iri biyu ne suka fi yawa a hannun jama'a. Na farko shi ne mai maganaɗisu, irin wanda ladan da mawaƙi ke riƙewa. A cikinsa akwai wani siririn tantani da murya ke kaɗawa, kamar yadda ɗan kiɗa ke kaɗa fatar kalangu, sai tantanin ya motsa wata naɗaɗɗiyar waya da ke kewaye da maganaɗisu, motsin ya zama lantarki. Wannan iri ba ya buƙatar batir, kuma yana da juriya ƙwarai. Na biyu shi ne mai riƙe caji, wanda ake kira kwandensa. Shi ne a cikin wayoyin hannu, da ƙananan makirufon da ake maƙalawa a wuyan riga, da yawancin rikodojin 'yan jarida. Ya fi kama murya da tsabta, amma ya fi saurin fushi, domin aikinsa ya dogara ne ga wani ɗan caji da ke tsakanin tantani da farantin da ke bayansa, kuma tazarar da ke tsakaninsu ba ta kai kaurin gashin kai ba.

Inda sanyi ke da hannu na gaskiya shi ne batir. Batir haɗin sinadarai ne, kuma sinadarai suna yin nawa idan sun yi sanyi. Batir mai kyau ba zai nuna wani bambanci sosai ba a digiri 13. Amma batir mai araha, ko wanda ya daɗe a rana a kan teburin mai talla, ya riga ya tsaya a bakin gaɓa, sanyin asuba tura shi kawai yake yi. Makirufo mara waya yana zuƙar wuta da yawa, don haka da ƙarfin batir ya ragu sai murya ta fara yankewa. Haka kuma robar da ke lulluɓe da waya mara inganci takan sandare da sanyi, kuma sauyin yanayi na kullum, daga sanyin asuba zuwa zafin azahar, yana sa ƙarfe ya miƙe ya tsuke har liƙin dalma da aka yi a gurguje ya tsage.

Ƙura, bushewa da numfashi

Abokan gabar na'ura a hunturu su uku ne, kuma sanyi ne ƙaraminsu. Babbar ita ce ƙura. Hazon da ke rufe mana sama yana tasowa ne galibi daga kwarin Bodele a arewacin Chadi, busasshen gindin tsohon tafki wanda masana ke lissafawa a matsayin wurin da ya fi ko'ina a duniya tayar da ƙura. Ƙurar ta fi garin alkama laushi. Tana ratsa ragar kan makirufo, ta kwanta a kan tantani ta ƙara masa nauyi, murya ta riƙa fita a dushe. Tana shiga mahaɗar waya da maɓallin kunnawa, nan ne asalin yawancin ƙaraf-ƙaraf ɗin da muke ji.

Ta biyu ita ce bushewar iska. A tsakiyar hunturu danshin iska yakan faɗi ƙasa da kashi 20 cikin ɗari. Kowa ya san ɗan tartsatsin da ke tashi idan an yaye bargo cikin duhu, ko ɗan cizon da ƙofar mota ke yi wa hannu. Wannan lantarki ne da jiki da tufafi ke tarawa idan iska ta bushe. Kafin mutum ya ji shi a fatarsa sai ya kai wajen bolt 3,000, alhali ƙananan sassan da ke cikin na'ura abin da bai kai haka ba ma yana iya ƙona su. Kamfanin kirki yakan sa kariya daga wannan. Mai jabu ba ya sawa, domin kariyar kuɗi ce, kuma mai saye ba ya ganinta.

Akwai kuma abin da ba a cika tunawa da shi ba, wato numfashin mai magana. Numfashi ɗumi ne mai laima. Idan ya sauka a kan tantani mai sanyi da asuba, sai ya zama raɓa, raɓar ta haɗu da ƙurar da ke wurin ta zama wani ɗan danƙo da ke zubar da cajin kwandensa. Shi ya sa na'urar da ta ƙi aiki da ƙarfe shida na safe takan warke da kanta da hantsi, mai kanti ya kunna ta a gabanka da rana tsaka ya ce ai lafiyarta ƙalau.

Wannan bayani yana da amfani a aikace. Kafin a tafi kanti, a canza batir da sabo mai kyau, a canza waya, a gwada makirufon a wata na'urar. Idan matsalar ta tafi, an huta. Idan ta tsaya, a naɗi ƙarar da wayar hannu a lokacin da take faruwa, da kwanan wata da sa'a. Mai saye da ya zo da irin wannan hujja ya fi ƙarfin a sallame shi da maganar sanyi.

Hanyar da kaya ke bi

Makirufon da ke kan teburin mai kanti a Jibia ya sha hannu kafin ya iso. Mafi yawansu daga ƙasar Sin suke, su sauka a Legas, su bi ta kasuwar Alaba, su hau mota zuwa Sabon Gari ko titin Beirut a Kano, daga nan Katsina. Wasu kuma sun daɗe suna bin tsohuwar hanyar Kwatano zuwa Maraɗi, sannan su gangaro Najeriya. A kowane zango akwai riba, amma babu zangon da ke miƙa wa na gaba takardar lamuni. Sanannen makirufon nan SM58, wanda Shure ya fito da shi a 1966 kuma ake sayar da shi kimanin dala 100, yana cikin waɗanda aka fi kwaikwaya a duniya, har kamfanin ya sha sanar da samame a kan masana'antun jabu a Sin. Wanda aka miƙo wa shi a kwali mai sheƙi a kan kuɗin da bai kai rubu'in wannan ba, ya san ba daga gidan ya fito ba.

Siyasar iyaka ta ƙara dagula lamarin. Gwamnatin Muhammadu Buhari ta rufe iyakokin ƙasa a watan Agustan 2019, kuma ta Jibia ba ta buɗe ba sai Afrilun 2022. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 a Nijar, aka sake rufewa a ƙarƙashin takunkumin ECOWAS, sai a watan Maris na 2024 aka buɗe. Rufe iyaka bai taɓa hana kaya tsallakawa ba. Abin da yake hanawa shi ne tsallakawar takarda. Kayan da suka bi ta barauniyar hanya a bayan babur ba su da rasit, kuma wanda ya saya a Maraɗi yana zaune a Jibia, ko ya saya a Katsina yana zaune a Madarunfa, ba shi da ƙofar da zai ƙwanƙwasa.

Sannan ga faɗuwar naira. A farkon 2023 dala na wajen naira 460 a farashin hukuma. Zuwa Fabrairun 2024 ta haura 1,500. Na'urar da a da mutum zai yar ya sayi wata, yanzu jari ce. Shi ya sa batun musanya kaya mai aibi, wanda a da ake ɗauka fitina ce ta mai saye, ya zama batun ci da sha.

Abin da doka da shari'a suka tanada

Mutane da yawa ba su san cewa rubutun nan na "ba a dawo da kaya", da ake bugawa a ƙasan rasit ko a liƙa a bango, ba ya soke haƙƙin da doka ta bayar ba. Dokar gasa da kare masu saye ta tarayya ta 2018, wadda aka sa wa hannu a farkon 2019, ita ce ta kafa hukumar FCCPC. Sashe na 132 na dokar ya ba mai saye damar mayar da kaya cikin wata uku da karɓarsu idan sun gaza ingancin da ya kamata, kuma wajibi ne mai sayarwa ya gyara, ko ya musanya, ko ya mayar da kuɗi. Wata uku kuwa kusan tsawon hunturu ne cif. Wanda ya sayi makirufo a Nuwamba, ya mutu masa a Janairu, yana cikin wa'adi. Ofishin hukumar na shiyyar Arewa maso Yamma yana birnin Katsina, tafiyar da ba ta kai ta yini ba daga Magama.

Tun kafin wannan doka, kasuwanninmu suna da tasu. Littattafan fiƙihun Malikiyya da ake karantawa a zaurukan Katsina da Maraɗi, irin su Risala da Muhtasar na Halil, sun yi bayanin haƙƙin mai saye na mayar da kaya idan ya gano aibin da ke jikinsu tun kafin ciniki kuma ba a bayyana masa ba. Wannan ƙa'ida tana da wata fa'ida da dokar Abuja ba ta da ita: ba ta tsayawa a shingen kwastam. Ɗan kasuwar Ɗan Isa da na Jibia malami ɗaya ya karantar da kakanninsu.

Uzurin mai kanti

Adalci ne a saurari ɗaya ɓangaren. Mai kanti zai ce ribarsa a kan makirufo ɗaya ba ta taka kara ta karya ba, kuma idan ya karɓi mai aibi, uban gidansa na Kano ba zai karɓa daga hannunsa ba, balle na Legas. Zai ce shi kansa mai saye ne ya nemi na araha, kuma wanda ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Zai ƙara da cewa mutane ba sa kula da kaya: a bar makirufo a buɗe a kan tagar masallaci wata uku yana shan ƙura, sannan a zo ana neman sabo.

Uzuri na uku gaskiya ne, kuma doka ma ba ta kare wanda ya lalata kayansa da sakaci. Na biyu gaskiya ne da sharaɗi. Mai rariya ya san rariya ya saya. Idan aka ce wa mutum wannan kwaikwayo ne, kuɗinsa kaza, ba na lamunce maka shi, ya amince ya biya, babu wanda ya zalunci wani. Amma idan an sayar masa da rariya da sunan ƙwarya, da tambarin babban kamfani a jiki, wannan algus ne ko da kuɗin kaɗan ne.

Uzuri na farko shi ne mai nauyi, kuma shi ne ya nuna inda gyara yake. Muddin asarar kaya mai aibi tana tsayawa a kan mai saye na ƙarshe, babu abin da zai sa mai shigo da kaya ya canza abin da yake odarsa. Ranar da kwali goma suka koma Sabon Gari daga Jibia, ɗari suka koma Alaba daga Kano, ranar ce mai oda zai fara tambayar masana'anta irin dalmar da take liƙi da ita. Mayar da kaya mai aibi saƙo ne, kuma shi kaɗai ne saƙon da ke iya tafiya daga bakin iyaka har ƙasar Sin.

Abin da ya kamata a yi

Ba sai an jira gwamnatoci biyu sun daidaita ba, musamman yanzu da Nijar ta fice daga ECOWAS tun Janairun 2025. Fataucin Hausawa ya san lamuni tun kafin a san kalmar garanti. Masanin nan Abner Cohen, a littafinsa na 1969 kan Hausawan unguwar Sabo a Ibadan, ya nuna yadda cinikin shanu da goro tsakanin mutanen da ba su san juna ba ya tsayu a kan maigida, wanda ke saukar da baƙo, ya tsaya masa, ya biya daga aljihunsa idan wanda ya lamunta ya saɓa. Sunansa ne jarinsa. Ƙungiyoyin masu sayar da kayan lantarki na Katsina da Jibia da Maraɗi za su iya farfaɗo da wannan a sauƙaƙe: kowane ciniki da rasit mai ɗauke da lambar na'ura da kwanan wata, a rubuta a fili ko na asali ne ko kwaikwayo, a rubuta wa'adin musanya, kuma shugabannin kasuwa na ɓangarorin biyu su amince da rasit ɗin juna wajen sasanci. Kantin da ya fara cewa ya lamunce kayansa har ƙarshen hunturu zai ga ciniki ya biyo shi.

Masu saye ma da nasu aikin. Kwamitin masallaci ya fi dacewa da makirufo mai maganaɗisu mai waya, wanda ba ruwansa da batir, a sa masa hular soso, a riƙa ajiye shi cikin jaka bayan kowace salla. Ɗan jarida ya riƙa ɗumama batir a aljihun ciki, ya sa abin ji a kunne yayin naɗa don ya kama matsala tun mai magana na gabansa, ya kuma bar wayar hannu tana naɗa a gefe. Kowa ya karɓi rasit, ya gwada sabuwar na'ura da asuba a makon farko, kada ya jira ranar da ake buƙatarta. Gidajen rediyo da ke dogara da wakilai na bakin iyaka kuwa, ya kamata su daina barin nauyin kayan aiki a kan mutumin da ya fi kowa ƙarancin albashi a gidan. Su saya da sunan kamfani, daga dillalin da aka sani, domin ƙorafin gidan rediyo ya fi na mutum ɗaya amo.

Lokaci ma ya matso. Azumi yana ja baya da kimanin kwana 11 kowace shekara: a 2027 zai kama a farkon Fabrairu, a 2028 ƙarshen Janairu, a 2029 tsakiyarsa, a 2030 farkonsa. Ke nan shekaru masu zuwa, tafsiri da tarawihi da kiran sahur, watan da lasifikar ƙasar Hausa ta fi kowane wata aiki, za su faɗo cikin tsakiyar ɗari da hazo. Yaƙin neman zaɓe ma a hunturu ya saba yin zafi, kamar yadda aka gani kafin zaɓukan Fabrairun 2019 da na 2023. Za a sayi makirufo da yawa a Katsina da Jibia da Maraɗi, kuma da yawa za su mutu cikin wata uku. Kafin a miƙa kuɗi, a tambayi mai kanti abu ɗaya: in ya mutu a Janairu, na wa ne? Amsar da ya bayar, a sa shi ya rubuta ta a jikin rasit.